Atamfa Ita ce Tikiti

Tun da na dawo daga Sakkwato ban huta ba. A famfo tambaya, a kasuwar Badaguishiri tambaya, waya kuwa ba a magana: "Balkisa, yaya Najeriya? Sun karɓi abin naki?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe. To ga shi na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Duk wadda ta sake tambayata sai in tura mata, ni kuma in sha ruwa in huta.

Bari in fara da abin da ya kai ni, don waɗanda ba su sani ba. Na yi karatun tsara manhajar waya a Yamai, na dawo gida da takardata da ordinatar ɗina, wato kwamfuta, na zauna. Aikina shi ne in tsara fuskar manhaja: ina maɓalli zai zauna, me mutum zai gani in ya danna, ta ina zai koma baya in ya ɓata. Abin da nake fitarwa samfuri ake ce masa. Kana dannawa yana motsi kamar gaske, amma ba a gina cikinsa ba tukuna, kamar tela ya kama maka riga da allurai ka gwada kafin ya hau keke. Babana mai garkar albasa ne, wato lambu. Na yi masa wannan bayani har na gaji, kullum amsarsa ɗaya ce: "Wato dai kina zana waya cikin waya."

Da ya gaji da ganina gindin bedi, dogon yaron ƙofar gidanmu, ina latse-latse, sai ya samo mini aikin sakatariya a buro, wato ofishin masu sayar da albasa. Ana cikin haka Gwaggo Rakiya, ƙanwarsa da ke aure a Sakkwato, ta kira. Ta ce ƙawarta Hajiya Asabe, wadda ke shirya wasan mawaƙa na mata zalla, tana neman wadda za ta yi mata manhaja don masu zuwa kallo. In zo da samfuri a gwada ranar wasa, in ya yi mata, ta ɗauke ni aiki.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ki tahi. Amma ki ji ni da kyau. In matar ga ta ce a'a, ki ruhe injin nan, ranar Litinin kina buro. Ba ni sake magana."

Na ce na yarda. Na shiga ɗaki na yi rawa ni kaɗai.

Na zauna na tsara abu mai kyau, wallahi ko yanzu ba na kushe shi. Akwai wurin sayen tikiti, ki nuna a ƙofa a cikin wayarki. Akwai taswirar kujeru, kowa da lambarta. Amma abin da na fi ji da shi shi ne shafin da na sa wa suna "Ina ƙawata?" Kina shiga fili sai ki zaɓi launin kayan da kika sa, ƙawarki ta buɗe wayarta ta ga an rubuta, misali, "Ramatu, jan mayafi, gefen dama." Shi ke nan, babu ɓata, babu hawa kujera ana ƙwala kira. Duk wanda na nuna wa a gida sai ya ce kai, wannan yarinya da kai take. Har ni kaina na fara yarda.

Baba ya ce ba zan tsallaka iyaka ni kaɗai ba, sai aka haɗa ni da Salifu, ɗan Kawuna na Malbaza, mai gyaran waya. Taubashina ne, wato dai an haɗa ni da ciwon kai. Muka shirya mu gamu a Tsarnawa.

Da safe na shiga mota a tasha. An loda buhunan albasa a sama, an loda a baya, har ƙarƙashin kujera akwai ƙananan buhuna. Na rungume jakar ordinatar a cinya. Kafin mu yi nisa sabon mayafina da na fesa wa turare ya koma warin garkar Baba. Kusa da ni wata tsohuwa ce da zabuwa a kwando, za ta gaisuwar haihuwa Konni. Na ce bari in fara gwaji tun nan, ai a lakwal, makarantarmu ta Yamai, an ce mana ka ba kowa ya taɓa. Na miƙa mata wayar na ce, "Inna, ki danna duk inda ranki ya so." Ta duba, ta ga hoton mawaƙiya, ta danna mata goshi, ta kai wayar kunne tana saurare. Can ta ce, "Ɗiyata, ba ta waƙa." Na ce ai ba ta waƙa ba ce, ta zuwa kallon waƙa ce. Ta mayar mini da abuna ta ce, "To Allah shi ba ta murya." Duk motar aka sa dariya, har direba.

A Tsarnawa na hango Salifu tsaye bakin hanya da baƙin tabarau, kai ka ce shi ne mawaƙin. Yana shigowa ya ja hanci ya ce, "Madam Maɓalli, miya za ki Najeriya ko aiki?"

Na ce, "Bawana, riƙe mini jaka ka yi shiru."

Ya ce, "Ni ne bawa? Bari mu dawo, ni zan raka ki buro ranar Litinin, har in share miki tebur."

Na yi dariya, amma maganar ta sauka inda ke ciwo.

A Konni muka sauka muka ci masa, muka je wajen ƴan canji. Na ba da ƴan takardun sefa, aka miƙo mini damin naira har jakar hannuna ta ƙi rufuwa. Nan take tafiyata ta sauya, na fara taku ɗai-ɗai. Salifu ya ce in bari mu sayi ruwa sau biyu zan dawo hayyacina, kuma gaskiyarsa. Muka hau kabu-kabu zuwa iyaka.

A iyaka kowa ya fito da katinsa. Wani ma'aikaci ya nuna jakata ya ce mene ne a ciki. Na ce kayan aiki. Ya ce wane aiki? Ai kamar jira nake a tambaye ni. Na fito da waya na fara bayani kamar ina gaban malaman lakwal. Ya karɓa, ya danna "Sayi tikiti", sai ga tikiti ya fito da lamba da komai. Ya washe baki ya kira abokin aikinsa: "Zo ka gani, na samu kyauta!" Sai da na yi ta maza na gaya masa cewa tikitin na gwaji ne, kuma wasan na mata ne zalla. Ya ce to a gaida matan, ya miƙo mana katunanmu yana dariya.

Daga can sai motar Sakkwato, muka bi ta Gwadabawa da Kware. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Hausarsu tamu ce sak, "mi" da "tahi" da "wanga" duk suna nan, sai dai duk inda mu muke jefa Faransanci su Turanci suke jefawa. Na ce wa matar da ke gefena babu rezo a wayata, ta yi mini kallon wadda ta ce aljani ya shige ta. Sai da Salifu ya ce mata sabis nake nufi. Da muka tsaya shan ruwa na nemi shayi, ina jiran ɗan ƙaramin finjali mai kumfa irin namu, sai ga mutum ya kawo mini kofi kamar na alwala, cike da madara, da burodi mai laushi mai zaƙi. Ni da na saba da dogon burodinmu mai ƙarfi da sai ka yi kokawa da shi, na ci wannan na ji kamar ban tauna komai ba. Amma fa na cinye, har na Salifu na gutsura.

Gwaggo Rakiya ta tarbe mu da guɗa tun daga zaure. Ta rungume ni, ta ja baya, ta ce, "Ɗiyata, kin zo mini da ƙamshin gida!" Ita da gaske take, har idonta ya kawo ruwa, wai ta tuna garkar kakanmu. Ta ajiye mana tuwon shinkafa da miyar taushe, da fura mai sanyi. Na ci har na jingina da bango.

Bayan mun ci na ce bari in sa ordinatar a wuta. Na fito da sharjar, na nufi bango, sai na tsaya. Ramukan bangonsu uku ne, masu kusurwa, nawa kuwa ƙafa biyu ne zagayayyu. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa, ya ƙi. Duk shirin da na yi, ban taɓa tunanin bangon Najeriya daban yake da namu ba. Salifu ya zauna yana kallona, sai da ya more, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan abin da ake haɗa su. Ya ce ba zai bayar ba sai na ce "Yaya Salifu". Na ce. Allah ya gani ba da zuciya ɗaya na faɗa ba.

Hajiya Asabe ba ta samu ganina ranar ba, hidima ta yi mata yawa. Saƙon murya ta turo: "Ɗiyar Rakiya, sannu da hanya. Mu haɗu gobe a wurin, sai in ga abin a aikace."

Kashegari bayan Azahar Gwaggo ta shigo ɗakina da ɗinkakkun kaya a hannu, atamfa koriya shar da furanni ruwan ɗorawa. Ta ce, "Hajiya ta aiko miki, na ba tela ya ɗinka da awon tsohuwar rigarki." Kai, jama'a! Ɗinki ya zauna kamar a jikina aka yanka. Na ɗaura ɗankwali, na tsaya gaban madubi, na ɗauki hoto na tura wa duk ƴan Badaguishiri. Na buɗe manhajata, shafin "Ina ƙawata?", na zaɓi kore da alfahari. Da Gwaggo ta fito na ga ita ma irinta ta sa. Na ce a raina, Allah sarki, uwa da ɗiya ta yi mana.

Muka shiga keke mai ƙafa uku, mu a baya, Salifu ya maƙale gefen direba. Ba mu yi nisa ba na hango wasu mata biyu a bakin titi da atamfa irin tamu. Na ce, "Gwaggo, duba, ashe zanen nan ana yayinsa." Ta ce uhm. Muka sha kwana, ga wasu cike da mota, duk kore. Muka ƙara gaba, ga wata a bayan babur, kore. Murmushina ya fara raguwa. Da muka iso ƙofar zauren taron, inna lillahi! Tun daga bakin titi har cikin fili kore ne, babba da yarinya, doguwa da gajera, kamar gonar gero a tsakiyar damina.

Na kama hannun Gwaggo na ce, "Mine ne wannan?"

Ta ce, "Anko mana. Af, ba ki sani ba? Wadda ta sayi atamfa wurin Hajiya ai ta biya kuɗin shiga. Zanen shi ne tikiti."

Na ce, "Gwaggo! Don mi ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Wa zai gaya miki abin da kowa ya sani?"

Mu a gida iniform na biki ne da suna, dangi da ƙawaye. Ban taɓa jin an yi shi don wasan da ake biya a shiga ba, ban kuma tambaya ba. Na tsaya ina kallon matar da ke tsaron ƙofa. Ba ta duba wayar kowa, ba ta karɓar takarda. Ido kawai take ɗagawa, in ta ga kore ta matsa.

Salifu, da yake maza iyakarsu waje, ya samu inuwa wajen direbobi da mazajen da suka kawo matansu. Dariya ta hana shi tsayuwa, sai da ya dafa bishiya. Ya ɗaga murya ya ce, "Madam Maɓalli! Danna kore ki nemo ƙawarki!" Da akwai dutse kusa da na jefe shi.

Muna shiga na ga taswirar kujeruna ita ma ta mutu. Kowace ƙungiya ta ja kujeru ta yi nata da'ira, ƴan unguwa kaza nan, ƴan adashi can, malaman wata makaranta a gefe. Ina cikin kallon wannan na waiwaya, babu Gwaggo. Ni da na ƙirƙiro maganin ɓata, ni ce ta farko da ta ɓata. Na hango ƙeyarta, na kutsa na riƙo hannunta na ce, "Gwaggo, kada ki sake ni!" Matar ta juyo, ban taɓa ganinta ba. Ta ce, "To ɗiyata, ba ni sakinki, amma ke ta wace ce?"

Ita ce ta kai ni wurin Hajiya Asabe. Mace ce mai jiki, waya a kowane hannu, tana magana da mutum uku lokaci ɗaya. Ta karɓi wayata ta danna, ta danna. Ba ta yi mini dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ya yi kyau, ɗiyata, hannunki na da tsabta. Amma tikiti ga shi a jikinsu. Kujera kuwa kin gani da idonki." Ta zo shafin launi, ta dubi filin, ta dube ni. Sannan ta ce, "Akwai wani abu kuma?"

Na ce, "Hajiya, a ba ni lokaci kaɗan."

Ta ce, "Ina nan har a tashi." Aka kira ta, ta wuce.

Na lallaɓa na samu wuri a gefen dandamali na zauna a ƙasa, jakata a cinya. Ba abin da nake gani sai buron albasa, da fankarsa mai ƙara, da ni ina buga hatimi har tsufana. Na ji kunya, na ji haushin kaina, hawaye suka cika mini ido.

Sai kiɗa ya tashi. Zabiya Hassu ce mawaƙiyar, tsohuwa ƴar siririya, amma da ta buɗe baki sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Ƴan amshinta suna dukan ƙwarya a cikin ruwa, fili ya ɗauka. Ko ni mai baƙin ciki sai da kafaɗata ta motsa. Daga inda nake zaune kuma na ga wani abu da ba a gani daga baya. Mata sun yi dandazo a gefe ɗaya, ba wajen Hassu ba, wajen babbar ƴar amshinta, wata da ake kira Tabawa. Kowa na ture kowa don ta kai baki kunnen Tabawa ta faɗi suna, ita kuma ta raɗa wa Hassu, Hassu ta saka shi a waƙa. Ga ƙarar ƙwarya, ga guɗa, rabin sunayen a hanya suke lalacewa. Wata ta dawo tana huci, wai ta ce Saratu an kira Sa'adatu. Tsofaffi da masu goyo kuwa ko kusa ba sa iya zuwa.

Kusa da ni wata mai jariri ce, Murja, ta je ta dawo ta je ta dawo, ɗankwalinta har ya karkace. Na ce, "Sunanki kike so a ambata?"

Ta ce, "Wane ni! Sunan innata. Tana kwance a Gwadabawa ba lafiya, ita ta koya mini son waƙar Hassu. So nake in ɗauka a waya in kai mata ta ji."

Ban san lokacin da na buɗe ordinatar a gwiwa ba. Na kawar da tikiti, na kawar da kujeru, na kawar da launi. Na yi shafi ɗaya, maɓalli ɗaya ƙato a tsakiya, na rubuta "A ambata mini". Na tura shi wayata, na haɗa shi da saƙon murya na yau da kullum: kina dannawa sai ki yi magana, saƙon ya tafi wata waya. Wace waya? Na tashi na tattare zane na ruga ƙofa.

"Salifu! Ba ni wayarka da abin kunnenka!"

Ya ce, "Ki ce Yaya."

Na ce, "Yaya, Baba, Kaka, duk na ce, kawo!" Na fizge na juya da gudu, ina jin mazan nan suna dariya a bayana.

Na kutsa ta bayan dandamali na samu Tabawa. Na yi mata bayani a kunne da iyakar ƙarfina. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ba zai hana su tasowa yin liƙi ba?" Na ce in sun ji sunan ai da rawa za su taso. Ta karɓa, ta cusa abin kunnen ƙarƙashin ɗankwali.

Na koma wajen Murja na miƙa mata wayata. Ta danna, ta faɗi sunan innarta da na kakanta da garinsu, a natse, ba ihu. Muka zuba ido. Na ga Tabawa ta dafe kunne, ta sunkuya wajen Hassu. Baiti ya wuce, wani ya wuce. Sai Hassu ta ɗaga hannu, ƙwarya ta lafa, ta kira sunan tsohuwar nan tiryan-tiryan, da na mahaifinta, da Gwadabawa, ta ce Allah ya tashi kafaɗarta.

Murja ta ƙwala ihu, ta danƙa mini jaririn ba ko sallama, ta nufi gaba da rawa, waya a sama tana ɗauka, hawaye na zuba. Ni ma na miƙe ina tsalle da ɗan mutane a hannu. Shi kuma ya ga abin ya yi masa yawa, ya tsula mini fitsari a sabuwar atamfata. Wallahi ko a jikina, rawata na ci gaba da yi.

Kafin in ankara wayata ta bar hannuna. Wannan ta karɓa ta miƙa wa waccan, ta tsallaka da'ira ta faɗa wata. Ina hango ta tana yawo a cikin kore, ba ni da ikon cewa a ba ni. Dandazon da ke kan Tabawa ya ragu, masu rawa a gaba suka ƙaru. Na kasa kunne ina jin sunayen da ke fitowa, sai na lura da wani abu. Da wuya ka ji wadda ta tura nata. Wannan ta tura na uwarta, waccan na ungozomar da ta karɓi haihuwarta, wata na malamarta, wata na ƙawarta da ke aikatau a Makka, wata na yayarta da ta rasu bara. Ni a shafin na rubuta "Faɗi sunanki" a ƙasan maɓallin. Nan take na goge a ordinatar na mayar da shi "Sunan wa za a ambata?"

Can sai na ji abin da ban zata ba. Hassu ta ce, "Hajo ta Badaguishiri, uwar Balkisa, matar mai albasa, sannu da renon ɗiya!" Innata ke nan. Na waiwaya, sai ga Gwaggo can nesa a kan kujera tana ɗaga mini wayata tana guɗa. Ashe haka zan same ta. Wata baiwar Allah ta ɗauki wurin a wayarta ta tura mini, ni kam kuka da dariya sun hana ni komai.

Aka tashi kafin Magariba. Hajiya Asabe ta kira ni, ta sa wayoyinta duka a jaka, wanda Gwaggo ta ce ba ta taɓa gani ba. Ta ce, "Wancan na farko ki ajiye shi. Wannan na biyu ina so, amma yau wayarki ɗaya ce ta yi yawo. Ban sani ba ko zai yi in kowa na da shi a tata. Ki je ki gyara, ki dawo wasa na gaba mu sake gwadawa. In ya yi, sai mu yi maganar aiki."

Na yi godiya, na fito ina murna, sai a keke abin ya faɗo mini. Ba ta ce a'a ba, amma ba ta ce e ba. Baba kuwa ba ya sayen albasa a cikin ƙasa, sai ya ga an tone. Duk hanyar dawowa, daga Sakkwato har Konni har Tsarnawa, ina juya yadda zan faɗa masa. Da Salifu zai sauka a Tsarnawa ya ce, "In kina so in bi ki in yi shaida." Na ce ya tafi, na gode. Wannan karon da zuciya ɗaya na ce masa Yaya.

Na iso gida ranar Lahadi da la'asar. Baba na zaune a tabarma yana ware irin albasa, Inna na tankaɗe. Na gaishe su, na faɗi abin da Hajiya ta ce, ban ƙara ba ban rage ba.

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Wato ba ta ɗauke ki ba."

Na ce, "Ba ta ɗauke ni ba tukuna."

Ya ce, "To. Gobe Litinin."

Na ce to. Don kada in yi kuka a gabansa na juya wajen Inna na ce, "Inna, ga tsarabarki." Na kunna mata wurin. Ƙwarya ta cika tsakar gida, sai muryar Hassu: "Hajo ta Badaguishiri, uwar Balkisa, matar mai albasa!" Inna ta saki rariya. Ta rufe baki da gefen zane ta ce, "Ni? A Sakkwato? Gaban mutane?" Ta ce in sake. Na sake. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, aka sake kunnawa, wata ta rangaɗa guɗa.

Baba ya ajiye irin da ke hannunsa. Ya ce, "Kawo in ji." Ya kara a kunne, ya saurara har ƙarshe, ya ɓata fuska.

"Matar mai albasa? Duk garin ga wane ne ba mai albasa ba? Ni ba ni da suna?"

Na ce, "Baba, Gwaggo ce ta tura."

Ya ce, "Rakiya ta san sunana sarai. Abin naki ne bai tambaye ta ba." Ya miƙo mini wayar, ya jawo kwandonsa. "Gobe ki zamna ki gyara shi, shi riƙa tambayar sunan maigida. In kin koma, ki ce musu Alhaji Mamman na bakin gulbi. Kada su ce Mamman kawai, muna da yawa."